Fiyus a Aljihun Yaya Iliyasu

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Iliyasu, wanda tsofaffin ma'aikatan Bompai suka sani da Iliyasu Mai Lantarki. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan tara iyali a yi masa addu'a a watse. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni ɗan kasuwa ne, waya da injinan lantarki nake sayarwa a Sharaɗa. Bana kuwa na kasa yin shiru. Wani abu ya faru a 'yan makonnin nan wanda ya hana ni sukuni, kuma ya shafi ran babban ɗansa, Nasiru, wanda ya gaji sana'arsa.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bakin kogin Challawa, tun kafin masana'antu su cinye gonakin wajen. Mahaifinmu manomin lambu ne. Yaya ne ya yi sa'ar shiga makarantar koyon sana'a, daga nan wata masaƙa a Bompai ta ɗauke shi a sashen lantarki. Ni aji bai karɓe ni ba. Da tebur na fara a bakin titi a Dakata, ina sayar wa direbobin tirela da masu gadi batir da ƙwan tocila. Duk abin da na sani game da kayan da nake ci da su yau a bakin Yaya na ji shi, kuma da Hausa na ji shi.

A wurinmu a lokacin komai wuta ne. An kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja wane. Yaya ya ce wannan bai isa ba ga wanda zai sa hannu a ciki. Wata Juma'a da ya zo gida ya ja ni lambu inda injin ban ruwa ke aiki, ya miƙa mini bakin tiyo, ya ce in toshe shi da babban yatsa. Ƙarfin da na ji yana ture yatsana, ya ce sunansa matsi, shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa yana cika fangalin albasa kuwa, shi ne gudu, ana auna shi da amfiya. Sai ya taka tiyon da ƙafa. Ruwan ya ragu, injin ya canza murya. Wannan ita ce gardama, in ji shi, ita ake aunawa da om. Kowace waya tana da tata gardamar. Siririya ta fi mai kauri, doguwa ta fi gajera, kuma duk inda gudu ya ci karo da gardama zafi ake samu. Matsi da gudu idan suka haɗu su ke nuna aikin da za a iya yi, wato wat. Ya raba mini abubuwan duniya gida biyu, masu ba da hanya da masu hana hanya. Jan ƙarfe da alminiyam suna ba da hanya. Roba da tangaran da busasshen katako suna hanawa. Daga nan ya dafa mini ƙirji ya ce, "Kai ma mai ba da hanya ne, Sule. Kada ka manta."

Waɗannan 'yan kalmomi su suka fitar da ni daga tebur zuwa shago. Mai saye zai zo ya ce a ba shi waya mai ƙarfi, sauran 'yan kasuwa su miƙa masa wadda ta fi sheƙi. Ni sai in tambaye shi me za ta ja, kuma nisan nawa za ta yi. Wanda na hana shi siririyar waya yakan tafi da fushi, ya sayo a wani wuri, ta narke masa, ya dawo wurina ya zauna har yau. Ba wayo na fi kowa ba. Na dai san sunan abin da ke cinye wayar.

Maganaɗisu kuwa, wanda muke kira mayen ƙarfe, wasan yara ne a ganinmu. Mukan ciro shi a lasifikar matacciyar rediyo mu ja shi cikin yashi ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe. Yaya ne ya nuna mini cewa shi ne rabin sana'ar. Ya naɗa waya a jikin ƙusa, ya haɗa da batir daga teburina, ƙusar ta ɗauki allura. Ya cire batir, allura ta faɗi. Wani lokaci kuma ya ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla da aka kawo wa mahaifinmu tsaraba daga Makka, ya shimfiɗa waya a kansa, ya taɓa batir. Allurar kamfas ta karkace. Tsoho yana zaune a tabarma ya hango, ya ce, "Iliya, duk abin da za ka juya a gidan nan ka juya, ban da alƙiblata." Yaya ya cire wayar yana dariya, allura ta koma inda take.

Darasin shi ne wuta da maganaɗisu tagwaye ne. Duk inda wuta ke gudu a waya, akwai maganaɗisu kewaye da ita. Duk inda maganaɗisu ke motsi kusa da waya, wuta na tashi a cikinta. Injin da ke juya masaƙa da janareto duk wannan ne, an dai juya wanda ke gaba. Wutar batir ya kira ta mai hanya ɗaya, ta kan turke kuma mai kai-komo. Taransifoma ta fi burge shi: naɗi biyu a kan ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna, amma wuta na tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar maganaɗisu, matsinta ya ƙaru ko ya ragu gwargwadon yawan naɗin. Kai-komon nan ne ke sa ƙarfen rawar da ido ba ya gani, kunne ne ke jin ta. Ya kira ta gurnani. Ya ce in na ji ƙarfe yana gurnani, da ransa, ko wa ya rantse mini ya mutu.

Amma abin da aka fi saninsa da shi a Bompai shi ne aljihunsa. A zamanin, babban akwatin wuta na kowace masana'anta yana da manyan fiyus na tangaran, kowanne ya cika tafin hannu. Dokar Yaya ita ce wanda zai taɓa waya shi zai cire fiyus da hannunsa, ya sa a aljihunsa. Ba ya ajiye su a kan akwati, ba ya ba wa abokin aiki riƙo, ba ya yarda da allon da aka rubuta kada a kunna. Yakan ce allo ba ya hana mai gaggawa, amma babu mai mayar da abin da ba ya hannunsa. Kafin ya hau sai ya ɗaga murya ya ce, "Na cire!" Abokin aikinsa ya ce, "Nuna mini!" Sai ya fito da su ya nuna, sannan ya gwada wayar, sannan ya taɓa. An taɓa neman sa a tayar da wani sashe na masaƙar aka tarar ya tafi masallaci da fiyus ɗin a jikinsa, dole manaja da masaƙa suka tsaya har ya sallame. Matarsa, Hajiya Rabi, ta gaji da ɗinkin aljihun da tangaran ke ɓarkewa, har ta koma yi masa na buhu a ciki.

Ya yi kusan shekara talatin yana wannan aiki, babu tabon wuta ko ɗaya a jikinsa, babu wanda ya mutu a ƙarƙashinsa. Masaƙar ce ta riga shi mutuwa. Bayan an rufe ta ya koma naɗin injina a wata rumfa kusa da shagona, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. A kan gado ya cika, cikin iyalinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya dawo ya ga yadda ake jan wuta yau. Ina jin hasken rana da ake tarawa a rufin gidaje zai faranta masa rai, don mutum ne mai son sabon abu, da ya kwana biyu yana tambaya. Amma na san hankalinsa zai tashi. A zamaninsa ƙofa ɗaya wuta ke shiga masana'anta, in ka rufe ta ka rufe. Yau masana'anta ɗaya tana da layin kamfanin wuta, tana da janareto, tana da sola da inbata da tarin batura, wata ma tana da wayar da aka jawo daga maƙwabci. Manyan gine-ginen da aka rufe an yayyanka su, wannan yana buga leda a wani lungu, wancan yana niƙa a wani, kowa ya kawo mai haɗa masa wuta, babu wanda ya san abin da na gabansa ya yi. Ɓarayin jan ƙarfe sun yanke wasu wayoyi, an maye gurbinsu da abin da aka samu. Ko launi ya daina zama abin dogaro. A tsofaffin akwatuna ja da rawaya da shuɗi su ne masu rai, baƙa ita ce mai komawa. A sabuwar wayar da ake shigo da ita, shuɗiya ce mai komawa, baƙa kuwa da ranta. Duka biyun suna shagona, kuma na sha ganin su a haɗe cikin akwati ɗaya.

Nasiru yana ajin ƙarshe a sakandare mahaifinsa ya rasu. Ya ci gaba da karatun lantarki har ya kammala, yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyu da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ya san aikinsa, ba don ɗana ba ne na faɗa. Abubuwan da yake haɗawa na sola ni ko sunansu ba na iya riƙewa. Kalmomin babansa bai tarar da su sosai ba, da Turanci ya yi nasa karatun. Amma dokar aljihu ya riƙe ta kamar wasiyya. Ko'ina ya je aiki sai ya cire fiyus ya sa a jikinsa, ya ce na cire, a ce masa nuna. Da farko wannan ya kwantar mini da hankali. Yanzu shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don na ga ya yarda da dokar fiye da yadda mai dokar ya yarda da ita.

A farkon bana na karɓi hayar wata tsohuwar majema a Challawa wadda ta daɗe a rufe, da niyyar sa injinan niƙa roba. A bayanta akwai ɗakin wuta mai babban akwatin ƙarfe, da taransifoma a gefe cikin shingen waya. Layin kamfani an yanke shi da daɗewa, kowa na iya ganin guntayen wayar suna reto a kan turke. Nasiru ya nemi in ba shi aikin gyaran, na ba shi. Ya je da safe da mitarsa ya gwada ko'ina, babu komai. Ya cire fiyus ɗin, irin na tangaran ɗin nan na da, ya tafi da su. Ya ce da zarar kaya sun iso zai shiga.

Bayan 'yan kwanaki na kai magini ya duba rufin, bayan la'asar. Na bar shi a ciki na zagaya baya. Da na zo kusa da shingen sai na ji wani sauti. Ƙasa-ƙasa ne ƙwarai, in mota ta wuce sai ya ɓace, in ta yi nisa ya dawo. Gurnani. Na tsaya na daɗe ina saurare. Na kira mai gadin wurin, wani dattijo mutumin Nijar, na tambaye shi. Ya ce yakan ji jefi-jefi, ya ɗauka zuma ce ta yi gida a ciki. Ban taɓa komai ba. Na sayo sabon kwaɗo na rufe ɗakin da shingen, na tafi da mukulli.

Da Nasiru ya zo shago karɓar mukullin na gaya masa abin da na ji.

"Baffa," ya ce, "layin a yanke yake, da idonku kuka gani. Na gwada da mita babu komai. Fiyus suna wurina. To me ya rage?"

"Gurnanin da na ji ya rage."

"Injinan maƙwabta ne, ƙasa ke kawo ƙarar. Ko kuma kunnen ne, Baffa, ai an fara manyanta."

"Kunnen da ke gane ƙonannen inji tun mai shi bai gama yi mini ƙarya ba? Ka bar kunnena ya huta."

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake ba. Ya ce yadda babansa yake yi haka ya yi, bai tsallake ko ɗaya ba, in kuwa dokar babansa ba ta ishe ni ba to shi bai san abin da zai ishe ni ba. Na ce mukulli dai yana wurina. Ya tashi ya yi sallama a taƙaice. Ya ɗauke ƙafa daga shagon, sai labari na ji wai wasu masu buga katifa a Bompai sun kira shi wani aiki irin wannan, a wani tsohon gini.

Na saba yanke shawara da sauri, shi ne abincina. Wannan kuwa ta tsaya mini a wuya. In na ba shi mukulli alhali abin da na ji gaskiya ne, ni na buɗe masa ƙofar. In na hana shi, zai tafi da fiyus a aljihu da cikakken yaƙini zuwa wani ginin da babu mai saurara masa komai. Kuma ba ni da hujja, sai kunnen ɗan kasuwa da maganar mutumin da ya shekara goma sha huɗu a kabari. Na koma wurin sau biyu da safe ni kaɗai, ban ji komai ba. Har na fara zargin kaina.

Sai na je wurin mahaifiyarsa. Ni da Hajiya Rabi tun tana amarya muke tsokanar juna, tsufa bai raba mu da hakan ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Sule, kai da ko ƙwan fitila sai ka kira wani ya ɗaura maka, yau kai ne injiniya?"

"Ni dai na ji abin da na ji."

Sai ta ce, "Kada ka ba shi. Amma kada ka bar ɗan naka ya tafi da fushi. Malam ma ba a gaya masa magana ya yarda, sai ya ji da kunnensa. Ka kai shi ya ji."

"In muka je ba mu ji komai ba fa?"

"Sai ku koma washegari. Shagon naka ba zai gudu ba."

Ita ta kira shi, don haka bai iya ƙi ba. Muka je da hantsi, mai gadi ya ba mu benci, muka zauna a inuwar bango kusa da shingen. Shiru. Nasiru ya sake gwadawa daga nesa da abin gwajinsa, ya nuna mini babu komai. Ya sayo mana gyaɗa. Ya tambaye ni ko zumar ce ba ta tashi daga barci ba. Na ce ya ci gyaɗarsa. Muka yi azahar muka dawo, rana ta juyo ta kore mu daga inuwar, muka ja bencin. A raina har na fara shirya yadda zan ba shi haƙuri.

Can sai aka ɗauke wuta a yankin gaba ɗaya. Wanda ya san Challawa ya san wannan shirun, injina na mutuwa ɗaya bayan ɗaya har a ji kukan tsuntsaye. Ba a jima ba janaretoci suka fara tashi. Na bayan katangarmu, na wata masana'antar buta da bokiti, ya yi tari ya kama. Kafin hayaƙinsa ya gama tashi, ƙarfen da ke gabanmu ya fara gurnani.

Nasiru ya miƙe a hankali, gyaɗar ta zube daga cinyarsa. Ya miƙa abin gwajin ta cikin shingen, tun bai kai kusa ba abin ya fara kuka. Ya ja da baya, ya sa hannu ya ja ni ma.

Shi ya warware sauran, ni ban iya ba. Ya je ya samo mai kula da wutar maƙwabtan, suka kashe janareton na ɗan lokaci, suka bi sawu. Ashe bayan an yanke layin kamfani, wasu da suka taɓa zama a majemar sun roƙi wuta daga janareton maƙwabci. Aka binne waya ta ƙarƙashin katanga aka ɗaura ta a akwatinmu, ta saman fiyus, wajen da ke haɗe da taransifoma. Suka tashi suka bar ta. Masana'antar buta ta canza hannu, sababbin masu ita suka gaji wani makunni da ba su san inda ya nufa ba, suka bar shi a kunne. Duk sanda janaretonsu ya tashi, wuta na shigowa ɗakinmu ta wurin da cire fiyus bai shafa ba.

"Taransifoma ba ta san gaba da baya ba, Baffa," ya ce mini da muka koma benci. Muryarsa ta yi ƙasa. "In aka ba ta ƙaramin matsi ta baya, sai ta mayar da shi babba ta gaba. Dubban bolt." Ya nuna saman ƙarfen inda dogayen tangaran suka fito. "Can na shirya farawa. Da safe zan gwada, in ga babu komai, in hau. Ina sama za a ɗauke wuta a gari."



A gabanmu da mutanen maƙwabta aka yanke wayar ta kai biyu, aka tono ta aka naɗe. Nasiru ya ce daga yau ba zai ƙara taɓa tsohon akwati ba sai ya ɗaure duk wayoyin da wata kakkaurar waya ya haɗa su da ƙasa, ta yadda duk wutar da ta shigo ba zato ƙasa za ta bi, ba jikinsa ba. Ya ce an koya musu wannan a makaranta, shi ne bai taɓa ganin buƙatarsa ba tunda fiyus suna aljihu. A hanyar komawa ya tambaye ni me babansa yake kiran irin wannan wutar da ke zagayowa ta inda ba a tsammani. Na yi ta lalube a kaina. Na ce ban taɓa jin ya sa mata suna ba, ina jin bai taɓa haɗuwa da ita ba. Ya ce to shi zai kira ta wutar baya, don cikin ma'aikatansa akwai waɗanda sunan Turancin ba zai zauna musu ba, kuma yana so in ya faɗa su ji tsoro nan take.

Tun ranar nake auna abin da Yaya ya bari. Rumfarsa yanzu wani ne ke facin taya a ciki. Masaƙar ta zama wurin ajiye buhuna. Kalmominsa, matsi da gudu da gardama, ba na jin su a bakin kowa sai a shagona, kuma ban tabbata za su wuce ni ba. Dokar aljihu tana nan, amma na gani da idona cewa ita kaɗai za ta iya raka mutum har bakin kabari yana ganin ya yi daidai. Wannan ba laifin Yaya ba ne, ya yi wa zamaninsa doka kuma ta tsare mutanensa. Ina jin da yana raye shi zai fara ƙara mata wani abu, don ban taɓa ganin ya ɗauki maganar kowa a kan waya ba, har da tasa ta jiya. Wannan halin, na ƙin yarda cewa abu ya mutu don kawai an ce ya mutu, shi na ga ya rage. Rabinsa ya zauna a kunnena, rabi a hannun ɗansa, kuma sai da muka zauna a benci ɗaya ya yi amfani.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Waya ɗaya muka samu. Ban san ko ita ce ta ƙarshe a wannan ginin ba, balle a sauran gine-ginen Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda waɗanda suka binne wayoyin wasu sun rasu, wasu sun bar gari, wasu sun manta. Nasiru zai shiga da yawa cikinsu, kuma ba ni ke riƙe da mukullansu ba. Ba shi kaɗai ba ne. Kullum da safe ina ganin irinsa suna sauka daga a-daidaita-sahu da jakar kayan aiki a kafaɗa, kowanne da mai jiransa a gida. Masu karɓar hayar tsofaffin masana'antu irina, ina roƙonku kada ku sa kowa a ɗakin wuta don kawai kun ga layi a yanke. Ku tambayi maƙwabta. Ku zauna a wurin yini guda, ku ji abin da ke faruwa idan aka ɗauke wuta.

Na miƙa wa Nasiru mukullin shekaranjiya. Da na je gaya wa Hajiya Rabi, ban samu tsokanar da na saba ba. Ta ce shekarun da ta yi da Malam, ba ta taɓa ɗora abincin dare a faranti ba sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a bakin zaure. Ta ce da ya rasu ta ɗauka ta gama wannan sauraron, ashe hutu aka ba ta.

Allah ya jiƙan Yaya Iliyasu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa mamaci addu'a ya ƙara da mai rai. Ranar Litinin Nasiru zai shiga ɗakin.